Aron Gemu

Litinin, 23 ga Maris
Wai sabuwar doka. Duk mai son shiga shafukan batsa, sai wayar ta kalli fuskarsa ta kintaci shekarunsa. Mahad, abokin aikina a wurin wankin mota, magidanci har da ɗa, na'urar ta ce masa yaro ne. Na yi dariya har na saki tiyo a takalmin maigida. Fuska sumul kamar tafin hannu, ina laifin na'ura? Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ina miƙa mata gemuna ta buɗe. Ban kalli komai ba, na mayar masa da abinsa.

Laraba, 25 ga Maris
Mahad ya ce, "Guled, an ce fa suna ajiye fuskar mutum." Na ce su ajiye, su rataya a ofis, ba su taɓa ganin irinta ba. Mutanen da suka rubuta mini ranar haihuwa ɗaya ga Janairu a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma, ni da rabin unguwarmu, su ne yau za su koya mini shekaru?

Asabar, 28 ga Maris
Labari ya kai filin ƙwallon kwando na unguwarmu, Flemington. Mabuɗi suke kirana yanzu. Na yi wa wasu zaratan samari. Wani ya cika ni da naci, na ja shi shagon mahauci na haska wa wayarsa kan bunsuru. Shi ma ai gemu gare shi. Ta ce a sake gwadawa.

Laraba, 1 ga Afrilu
Hooyo, mahaifiyata, ta ce bakin da ya haddace izu sittin bai kamata ya yini a buɗe da dariya ba. Ba ta san komai ba. Kuma ni ba kallo nake ba. Fuskata ce, in ara wa wanda na ga dama.

Asabar, 4 ga Afrilu
Ayub, ɗan yayata Sahra, shekararsa goma sha biyu. Abti yake kirana, wato kawu da yarenmu. Ni nake biya masa karatu duk Asabar. Yau muna tsakiyar Tabaraka ya zaro waya daga ƙarƙashin cinyarsa.
"Abti, ɗan kalli nan kaɗan."
Na gane shafin tun kafin ya ɗaga ta.
"Wa ya gaya maka?"
"Kowa ya sani. Ai ka yi wa Hamza, kuma ajinmu ɗaya."
Hamza. Dogon nan mai jar riga na filin ƙwallo. Wallahi na ɗauka ya kai ashirin.
Na ce ya maida hankali kan ayarsa. Ya ce to, zai jira in yi barcin rana ya haska ni. Yana faɗa yana murmushi. Irin murmushina sak.

Lahadi, 5 ga Afrilu
Ban fita ba. Dokar dai shirme ce.

Talata, 7 ga Afrilu
Wanzamin unguwar Footscray ya riƙe injin aski yana kallona ta madubi. "Duka? Gemun da kake shafa wa mai kamar jariri?" Na ce yi aikinka, malam.
Na gaya wa Hooyo zafi ne ya dame ni. Ta dube ni, ta dubi rigar sanyin da ke jikina, ta ci gaba da tace shayi.

Asabar, 11 ga Afrilu
A filin ƙwallo wani ya miƙo waya. Na kalle ta da kyau, har da murmushi. Ta ƙi. Na ɗaga kafaɗa na ce su kai ƙara Canberra, fadar gwamnati.
Ayub ya gan ni ya faɗi ƙasa don dariya. "Abti, ka zama ƙanin Mahad!" Na murɗe masa kunne, muka ƙarasa Tabaraka. Wayarsa yanzu tana hannun Sahra, ban san wa ya ba ta shawarar ba.
Har gobe ban yarda da dokarsu ba.
Na sayo reza, babban fakiti. Saboda zafin nan.