Ranar da "Yalla" Ta Kayar da Nahawu

Daren Talata, unguwar Al Qusais, ƙasar Larabawa

A shaida wa gabas da yamma cewa yau ilimi ya sha ƙasa a ɗakinmu, kuma kalma ɗaya tak ce ta kayar da shi.

Ɗan ƙwallon Japan ɗin nan, wanda ya gama ci-raninsa a Jamus da Beljiyam, ya koma wani kulob na Larabawa. Aka nuno shi a talabijin, ya rusuna, ya ce "yalla", wato "mu je". Sai ɗakinmu ya ɗau tafi! Isufu ɗan Maraɗi har da miƙewa: "Wallahi ya iya Larabci!"

Ni kuwa shekara tara ina yi wa mutanen ɗakin nan tafinta, da nahawuna cif, ba a taɓa tafa mini ba. Na tunatar da jama'a cewa "yalla" ba Larabcin littafi ba ce. Isufu ya ce, "Malam, shi in ya ce yalla, mutum goma ke rugawa. Kai ko mai shayi ba ya waiwayowa."

Abin takaicin, lafazin ɗan ƙwallon ya fita tsaf. Sau uku na sake saurara a waya ina neman kuskure, ban samu ba.

Saboda haka kotun ɗakinmu ta same ni da laifin hassada ga ɗan'uwana ɗan ci-rani. Tara: shayi ba sukari, kwana biyu.