Taku Goma Baya

Garin Isa, ranar kasuwa

Assalamu alaikum, ɗiyata Hadiyya.

Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya lafiya. Saƙonki ya iso ta hannun direban Sabon Birni. Na roƙe ki ki zana min fuskar uwarki Saude, tun da ba mu da hotonta ko ɗaya, kuma kamanninta sun fara guje min. Na kwance takarda, sai ga shuɗi, ga ja, ga wani fari a bisa kamar an zubar da nono.

Shekara talatin ina sayar da atamfa, na san duban kaya. Na kai zanen bakin hanci, na shafa, na ɗaga shi ga rana. Babu ido, babu baki. Malami mai shayi ya rantse taswirar Nijar ce. In wannan anka koya muku, ki dawo, za ni ba ki gefen rumfa. Amma ki aiko min da Saude tukuna.

Allah shi yi miki albarka.
Babanki, Labbo

Zariya

Wa alaikumus salam, Baba.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Malami da taswirarsa. Ba za ni ɓoye maka ba: shekarata biyar Inna ta rasu, ban riƙe fuskarta ba. Na gwada sau bakwai, kullum Gwaggo Basira ke fitowa. Abin da ya rage min shi ne safiya, ina zaune bakin zaure, ina hango ta a hanyar rijiya. Shi na zana.

Ba atamfa ba ce, Baba. Ka jingine shi, ka ja baya taku goma.

Ka yafe min in na gaza.
Ɗiyarka, Hadiyya

Isa

Hadiyya, ina gaishe ki.

Na jingine shi a zaure, na ja baya har na taka akuyar maƙwabta. Ga ƙwarya bisa kai, ga kafaɗar hagu a karkace. Shuɗiyar atamfar nan ni na ba ta, na ce mata ta Kwatano ce, alhali ta Kano ce. Ta gane, ba ta taɓa tona ni ba.

Malami ma ya ja baya. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce Allah shi jiƙanta.

Abu ɗaya na kasa ganewa: tafiya take ko dawowa? Kada ki gaya min. Na juya tabarmata tana fuskantar ta.

Ki zauna ki gama karatunki, rumfar ta ishe ni ni kaɗai.
Babanki