Layin Alli a Kan Takardar Lauya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar nan, ta sake ki ko har yanzu ana fama? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, amma in ana gulma a ƙuryar ɗaki ko kalma ɗaya ba ta wuce ta. Kawu Dogo ya yi ritaya, yanzu aikinsa zagaya gidaje yana raba shawarar da ba wanda ya nema. 'Yan biyuna sun shiga aji huɗu, takalmi ba ya wata uku a ƙafarsu.

Kin san ba ni da haƙurin rubutu, waya ta fi mini sauƙi. To maganar da ke cina ba ta waya ba ce, don in na ji muryarki ba lalle in iya ƙarasa ta ba. Tambaya gare ni, amma sai na ba ki labari kafin ki gane inda ta fito.

Kin dai ji cewa ƙanenmu Auta sun rabu da matarsa Nas, yau wata goma sha ɗaya ke nan. 'Yarsu da kika bari tana goye yanzu shekararta takwas, Lauya muke ce mata saboda tambaya da musu. A ofishin sulhu aka yanke cewa yarinya za ta zauna wajen uwarta ranakun makaranta, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi kuma tana wajen ubanta. Da yake ko inuwar juna ba sa son gani, sai aka mai da shagon ɗinkina tasha. Nas ta kawo ta ƙarfe huɗu ta tafi, Auta ya zo huɗu da rabi ya ɗauka, ranar Lahadi a juya. Ba wanda ya tambaye ni, gani kawai na yi an rubuta ni a takarda.

Kin san ni da sa ido. Rabin awan nan da yarinya ke yi a wajena ya zame mini abin kallo. Komai nata biyu ne, buroshin haƙori biyu, silifa biyu, tawul biyu. Nas ta ce kayan gidanta ba za su je su dawo da baƙin man firji ba, tunda a tsakar gida Auta yake gyaran firjin mutane. Shi kuma ya ce 'yarsa ba za ta shigo masa da kayan aro ba. Don haka a bayan labulen da mata ke gwada ɗinki take tuɓe na wancan gida ta sa na wannan. Har tafiyarta canzawa take. In uwar ce za ta zo sai ta natsu ta gyara zama, in uban ne tun kafin a ji ƙarar babur ta fara tsalle. Wata rana na kasa daurewa na tambaye ta gidan da ya fi mata daɗi. Sai ta kalle ni sama da ƙasa ta tambaye ni wa ya aiko ni. Kunya ta kama ni.

In ta gama canza kaya sai ta shige ƙarƙashin teburin yanka, inda nake tara ƙyallaye. Ta roƙi tsohon gwangwanin maɓallai na ba ta, ta kwashi kwali biyu na cikin sababbin yadi. Na ɗauka kayan 'yar tsana take haɗawa. Juma'a uku a jere tana roƙon in ara mata babban almakashina ta yanka takarda. Ke ma kin san dokata, almakashin yadi ba ya taɓa takarda, dakushewa yake, ko maigidana ya san iyakarsa a nan. Sau uku ina korar ta, ni da ake ce wa sarkin bin diddigi, ban taɓa tambayar wace takarda ba ce.

Ana cikin haka sai rigima ta tashi. Auta ya je gyaran firji gidan wani malamin makarantarsu, malamin ya hau yi masa barka, wai Lauya ce ta zo ta ɗaya a gasar karatu ta duk makaranta, an ba ta takardar yabo mai hatimin ruwan zinari a gaban kowa, sati uku da suka wuce. Auta ya zo shagona idonsa jawur, ya ce an mai da shi bare, 'yarsa ta ci gasa sai a bakin mutanen waje zai ji. Da na isar wa Nas, sai ta rantse ba ta taɓa ganin takarda ba, ranar ma tana bakin aiki a asibiti, ta ce shi ya karɓe ya ɓoye yana neman abin faɗa. Kowa ya tsare yarinya da tambaya a gidansa, ita kuwa ta ce takardar ɓata ta yi. Auta ya koma ofishin sulhu ya shigar da ƙorafi cewa ana raba shi da 'yarsa, yana so a dawo masa da ita gaba ɗaya. Nas ta ce in haka ne ita ma za ta nemi a soke zuwan ƙarshen mako. Aka sa musu ranar Laraba. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ni ma na zuga. Na ce wa Auta ai Nas za ta aikata, don dai kawai shi ne nawa.

Ranar Juma'ar da ta rage kafin zaman, Lauya ta canza salo. Ta ce tunda ba zan ba ta almakashi ba, to in yanka mata da kaina, don hannuna ba ya karkacewa, ƙaramin almakashinta na makaranta kuwa cin gefe yake. Sai a lokacin son sanin nan nawa ya farka. Na ajiye rigar da nake kai, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur. Takardar yabon ce, a tsakanin kwali biyu, ko lanƙwasa babu. Ta ɗauki tef ɗina ta auna faɗinta, ta sa alama wuri uku kamar yadda take ganin ina yi, ta ja layi da shuɗin alli tun daga sama har ƙasa. Layin ya ratsa ta tsakiyar sunanta. Ta yi mini bayani a natse cewa takarda ɗaya ce, gida kuma biyu, duk wanda ta kai wa ɗayan zai ji haushi. Abin da ya dame ta kawai hatimin ne, don yana gefen dama, rabi ɗaya ne zai samu, shi ya sa take tunanin ko a yanka a karkace.

Na ce ai da sauƙi, sai mu je a buga kwafi. Ta yi mini irin kallon da nake wa mai kawo yadi biyu tana son riga da zane da ɗankwali, ta tambaye ni wa za a ba ta ainihin. Na buɗe gwangwanin maɓallan don in sami abin yi da hannuna. A ciki akwai haƙoranta biyu na gaba da suka faɗi, naɗe a ƙyalle. Ashe ta ce wa uwar haɗiye su ta yi, ta ce wa uban kuma sun faɗa kwata. Yaya, na yi kuka, a durƙushe a ƙarƙashin teburina, yarinya tana ba ni haƙuri tana cewa in almakashin ne a bar shi.

Da Auta ya iso sai na shimfiɗa masa takardar a kan tebur. Ya karanta, fuskarsa ta washe, sannan ya tambayi layin mene ne. Na gaya masa, na ɗora masa gwangwanin a hannu. Ya nemi wuri ya zauna, a kan rigar wata da na gama gogewa, ban ko yi masa faɗa ba. Ya daɗe yana kallon haƙoran nan, sannan ya ciro waya ya kira Nas, karo na farko tun rabuwarsu. Ba ta ɗauka ba. Ranar Lahadi da ta zo ɗaukar yarinya na nuna mata, na kuma roƙe ta gafarar zargin da na yi mata. Ta juya haƙoran a tafin hannunta, ta ce kwana biyu ta yi tana lura da cikin yarinyar nan saboda haɗiyar da aka ce an yi. Ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Ta ce a bar takardar a shago. Da safiyar Litinin Auta ya je ya janye ƙorafinsa.

Kada ki ɗauka shiri aka yi, aure dai ya ƙare, kuma ban ga alamar kome ba. Amma yarinya tana nan da gidajenta biyu, ba wanda aka raba ta da shi. Auta ya sa wa takardar gilashi ya kafa ta saman kekena, ya ce kada a goge layin. Makaranta yanzu tana aika saƙo ga su biyun. Juma'ar da ta wuce Nas ba ta tafi ba har babur ya tsaya, suka gaisa ta saman kaina, kalma biyu ba ƙari. Lauya kuwa maimakon murna sai ta ja ni gefe ta tambaya ko za a soke rabin awanta. Ta ce a bar mata shi, don a nan ne kaɗai ba ranar kowa ba ce.

Wannan maganar ce ta kawo ni gare ki. Tun ranar nake tuna koriyar jakar nan taki. Ni ina ƙarama lokacin, abin da na sani kawai shi ne mahaifiyarki sun rabu da Baba kafin ya auri Inna, kuma duk hutun makaranta za a kawo ki. Inna ta ware miki wuri a durowa, amma ba ki taɓa zazzage jakar ba, kullum tana bayan ƙofa a zuge. Mu kuma muka sa miki Baƙuwa, muna ganin wasa ne, har yau 'ya'yana Gwaggo Baƙuwa suke ce miki. Shekara arba'in ban taɓa tambayarki komai ba. Me ke cikin jakar nan da ba kya so a gani? Ke a ina kika ajiye takardunki, wa kike fara nuna wa? A hanya tsakanin gida biyu me kike tunani? Akwai babban da ya taɓa yi miki wani abu da ya sauƙaƙa miki, ko wanda ya yi da kyakkyawar niyya amma ya ƙara miki nauyi? Ki gaya mini ko da ba zai yi mini daɗi ba, don Juma'a tana sake zuwa, kuma ba na so in ƙara korar yarinya ban tambaye ta ba.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, da ɗanki Likita da amaryarsa, da 'yar autarki Sarkin Surutu, ki ce mata ɗinkinta na nan tafe. Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka, Kawu Dogo ya ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, Auta ma yana miƙa gaisuwa. Lauya ta ce in tambaye ki ko ƙasarku ma ana ba da takarda ɗaya ne.

Ki duba saman wasiƙar nan. Ita ce ta farko da na rubuta miki ban sa sunan nan ba, kuma na hana yara faɗarsa. Ki yafe mana. Gidanku ne, Yaya, tun can ma gidanku ne, mu ne ba mu taɓa gaya miki ba.

Wassalam, taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki