Hajiya Kulu Ta Hau Babur ɗin Wani

Laraba, bayan Isha'i

Shekara goma sha tara ina kai Hajiya Kulu mai atamfa kasuwar Ƙonni a babur. Yau da safe na tsaya ƙofar gidanta, ta leƙo ta ce, "Malam Garba, yau ba ni zuwa, jikin ba daɗi." Na yi mata sannu, na wuce.

Da hantsi na iske ta bakin iyaka, a bayan babur ɗin wani. Fuskar ban gan ta da kyau ba, muryarta na gane. Na kau da kai don kada ta ji kunya.

Ban ga laifinta ba. Wancan makon na afka rami da ita, wallahi ban gan shi ba. Salati kawai ta yi. Likita ya ce ciwon suga ya taɓa mini ido, in aje babur. In aje mu ci mi? Ɗan kabu-kabu ba shi da fansho, kuma ran da ban fita ba, ba a ɗora tukunya a gidan nan.

Gobe zan fita, amma na bar ɗaukar mutane. Buhun albasa zan riƙa ɗauka. Shi ko mun faɗi, ba shi da ɗiyan da za su yi kuka.