Tafin da Ka Koya Mini, Tendai

Daga ofishin Babban Manajan Kamfani, zuwa ga ma'aikacinmu Tendai.

Bayan gaisuwa da girmamawa, muna sanar da kai cewa yau kwana goma sha tara ba ka zo sito ba. Hukumar kamfani ta yanke shawarar aika akwatinka gida Zimbabwe, hannun mahaifiyarka, tunda gawarka ta riga shi tafiya.

An zaɓi abokin ɗakinka ya kai. Jibi jirginsa zai tashi, an riga an ba shi tikiti.

Matsalar ita ce, kai kaɗai ka koya masa al'adun garinku. Ran wata Juma'a a Deira, nan Dubai, kuna cikin abra, kwalekwalen fito, ka ce namiji ba ya tsayawa ƙiƙam a kan tsohuwa, sai ya rage tsawo. Ka ce kome aka miƙo masa ya tafa hannu tukuna, sannan ya karɓa da hannu biyu. Ka ce in an ajiye sadza, tuwon masararku, ƙin ci zagi ne.

To, in naman da ke ciki ba na cinsa ba ne fa? Ya ƙi, ya ɓata wa uwar mamaci rai? Ba ka faɗa ba.

Babban abin ma tafin ne. Ka ce na maza daban, na mata daban. Ka gicciye masa tafukansa, ka ce, “Yalla, habibi, haka maza ke yi,” kana cije leɓe kamar mai danne dariya. A makon ne kuwa ya zuba maka gishiri a shayi, ka rantse sai ka rama.

Yanzu bai san gaskiya ka koya masa ko ramuwa ba. Akwai 'yan ƙasarku a unguwar Dubai Investments Park, sau biyu yana zuwa ƙofarsu ya dawo. Tsoro yake su ce ƙarya ne, ya rasa abin da ka bar masa.

Yana tsoron idon mahaifiyarka. Yana tsoron ta tambayi yadda ka faɗi tsakanin kwalaye da rana tsaka, shi kuma yana ta dariya, ya ɗauka wasa kake.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya raya ƙannenka. Allah Ya kwance mini harshe in na durƙusa a gabanta.

Ka ga, na ce “mini”. Khalas, shi ke nan, asiri ya tonu. Babu wani manaja, ni ne Sagiru, mai gishiri.

Yadda ka koya mini zan tafa, ba zan gyara ba. In na mata ne, tsohuwar nan ta yi dariya ko sau ɗaya, to ka rama, kuma na yafe.

Naka har kullum,
Sagiru, na gadon sama.