Mai Randa a Gonar Tattasai

Diffa, Agusta 1998

Yaya Jibirin,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka 'yan lakwal.

Tambaya gare ni, tunda tarihi kake koyarwa. Maigidana Modu yana gina hanyar ruwa a gonarmu ta tattasai, bakin kogin Komadugu, sai ya tono wata randa da ta kai ƙirji. A ciki ga ƙasusuwan mutum a zaune, gwiwa a haɓa. Mutanen nan sun ce ɗan So ne, wato ƙattan da suka riƙe ƙasar kafin Barebari.

Surukata Ya Hauwa ta hana dashe, wai ba a shuka a kan mamacin da ba a san danginsa ba. Iri ya isa dashe, ruwan kogi kuma ba jiranmu zai yi ba. Gonar nan ita kaɗai gare mu.

Su wane ne So? Wane harshe suka yi?

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka Mariyama


Damagaram, Satumba 1998

Mariyama,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. A gai da Modu.

Kada a taɓa randar. Zan rubuta wa masu binciken kayan tarihi a Yamai. In sun zo za su killace wurin, wataƙila shekara guda.

So ba ƙatti ba ne, girman tukwanensu ne ya ja musu wannan suna. Mutanen Masar sun tara wa sarakunansu duwatsu, waɗannan kuwa suka sa matattunsu a yumɓu. Harshensu ba wanda ya rubuta shi. Amma Kotoko na bakin tafkin Cadi suna cewa su ne jikokinsu, masana kuma sun ce harshen Kotoko da Hausa tushensu ɗaya, Barbarci dabam yake. Ki gaya wa Modu Babarbare, mai randar ya fi kusa da mu Hausawa a kansa.

Allah ya bar zumunci,
Jibirin


Diffa, Satumba 1998

Yaya,

Muna gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsakar gida, kowa na ji. Da na kai kan shekara guda, Modu ya tashi ya fita.

Ya Hauwa kuwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, alhamdulillahi, dangi sun samu. Mamaci nasa ne ke rufe shi. Wanki shi ne namiji, sai ya zo ya ɗauke kakansa." Na ce mata tsokanar Modu kake yi. Ta ce malami ba ya sa wasa a takarda.

Maigari da liman sun bi bayanta. An ware wuri bayan maƙabarta. Ba wanda zai sa hannu sai ka zo, ranar da aka rufe shi kuma za mu yi dashe.

Iri ya fara yin rawaya. Ni dai tsoro nake ji, Yaya. In mutanen Yamai suka riga ka zuwa, bana ba mu da abinci.

Taka,
Mariyama


Damagaram, Satumba 1998

Mariyama,

Ina gaisuwa. Ban rubuta Yamai ba. Ina tafe ranar Asabar, in Allah ya yarda, kuma na sayi likkafani.

Ki tambayi liman inda za a fuskantar da shi a kabari, don littattafaina ba su faɗa ba.

Sai na zo,
Jibirin