Hoton Safwan a Bakin Tasha

Kaura Namoda

Yaya Malami,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Shinkafi.

Ka zo da baƙin nan masu ba da tallafin tsaron unguwanni, ka ce in turo ɗana Safwan a ɗauki hoton 'yan sintiri. Na turo shi da rigarsa ta sallah. Jiya ina hanyar kasuwar hatsi na ga wani ƙaton allo a bakin tasha, fuskar Safwan a tsakiya, an rubuta: "Matasan da suka tuba daga sata."

Yaya, me Safwan ya taɓa sata? Yaron da ke tuƙa keke napep da rana, ya fita sintiri kyauta don a daina ƙwace wa mata waya a unguwarmu. Uzoma mai keken ya karɓe makullinsa. Ya ce ya san halin yaron, amma fasinjoji sun daina shiga.

Ƙanwarka,
Rekiya

Shinkafi

Rekiya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, raina bai yi daɗi ba. Amma ki fahimci yadda aikin wanga yake. Masu tallafi ba su sakin komai don yaran kirki, tubabbu suke son gani. Na nemi su Dogo, waɗanda kowa ya san su da ƙwacen, suka ƙi tsayawa gaban kyamara. Da na koma hannu wofi, da Zurmi aka kai tallafin.

Yanzu ga fitilun sola za a kafa muku, ga babura na 'yan sintiri. Mutane na da mantuwa. Ki ba Safwan haƙuri, ki ce mishi kawunsa ne ya roƙa.

Yayanki,
Malami

Kaura Namoda

Yaya,

Bayan gaisuwa. Fitilu sun zo, ƙwacen ma ya ragu, ba zan ɓoye ba. Ranar rabon babura aka kira sunan kowa ban da Safwan. Shugaban sintiri ya ce ba a ba tubabbe babur sai an ga kamun ludayinsa. Mutumin da ya san shi tun yana rarrafe! Dogo na cikin taron, yana dariya.

Safwan ya fice daga taron. Ya ajiye tocilansa da usur, ya tafi Katuru noma wurin dangin ubansa. Ni kuwa in na bi ta tasha sai in kau da kai daga allon.

Rekiya

Shinkafi

Rekiya,

Ina gaisuwa. Baƙin za su dawo duba aiki bayan damina. Allon ya tsaya har lokacin, daga nan ni da kaina zan sauke shi.

Malami

Kaura Namoda

Malami,

Na sa an sauke shi yau da hantsi, na shimfiɗa shi a ɗakin awaki. In baƙinka sun zo, ka kawo su gidana. Ina da abin faɗa musu.

Ka huta lafiya.

Uwar Safwan